Babi na Shida: Farin Ƙulli a Bayan Dodon Kunne

Ciwon kunnen da aka saba gani ba ya ɓoye kansa. Yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, jikinsa ya yi zafi, bayan kwana biyu ruwa ya ɓalle ya ɓata matashi, kowa a gida ya san akwai ciwo. Haka ma kurumtar da ke biyo bayan ƙyanda ko sanƙarau. Mutanen Kano da suka ga annobar sanƙarau ta 1996 sun san yaran da suka tashi daga jinya ba sa ji, kuma sun san ranar da abin ya fara.

Wannan babin a kan wani ciwo ne na daban. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya hana barci, kuma yakan yi shekaru bai ɗiga ko ɗigo ɗaya ba. Likitoci suna kiransa kolestiyatoma, irin wadda ake haifar yaro da ita. Wani farin ƙulli ne na fata da ke zaune a bayan dodon kunne, yana girma a hankali, yana cin duk ƙashin da ya jingina da shi. Ba ciwo ne mai yawa ba, amma ya cancanci babi guda, domin yana koya mana abin da ya shafi kunnen kowane yaro: kunne yana iya zama a bushe, babu zafi babu wari, alhali yana lalacewa, kuma babu hanyar sani sai an haska an duba.

Abin da ke bayan dodon kunne

Idan aka bi ramin kunne, tafiyar da ba ta wuce santimita biyu da rabi ba a jikin babba, za a tarar da dodon kunne. Tantani ne mai faɗin kusan santimita ɗaya, siriri har haske yana ratsa shi. A bayansa akwai ɗan kogo mai iska, shi ne kunnen tsakiya. A nan ne ƙananan ƙasusuwa uku suke sarƙe da juna, an raɗa musu suna saboda siffarsu: guduma, maƙera da likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsayinta wajen milimita 3. Sauti ya bugi dodon kunne, dodon kunne ya girgiza guduma, guduma ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa ta tura cikin kunnen ciki, daga nan jijiyar ji ta kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Maƙwabtan wannan kogo su ne abin tsoro. Jijiyar da ke motsa rabin fuska ta jikin bangonsa ta ratsa, a lulluɓe da ƙashi mara kauri. Gaɓar da ke riƙe wa mutum daidaito ta hana shi jiri tana nan gefe. Rufin kogon ɗan faifan ƙashi ne, a samansa kuwa ƙwaƙwalwa ce. Ta baya kuma kogon ya buɗe zuwa cikin ƙashin nan mai tudu da kake ji in ka shafa bayan kunnenka, wanda cikinsa duk ƙananan ramuka ne masu iska. Duk abin da ya samu wurin zama a wannan lungu, to yana kusa da ji, da fuska, da ƙwaƙwalwa a lokaci guda.

Fata a inda ba wurinta ba

Fatar jikinmu kullum cikin saɓa take. Ta sama ta mutu ta zube, sabuwa ta maye gurbinta. Ko a cikin ramin kunne haka ne: fatar tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, tana kwaso dattin kunne, shi ya sa kunne ba ya buƙatar gashin kaza ko tsinken ashana. Amma kogon bayan dodon kunne ba da fata aka shafe shi ba, da wani laushin tantani ne mai danshi irin na cikin hanci. Idan ɗan guntun fata ya maƙale a can, zai ci gaba da aikin da ya sani, wato saɓa, sai dai babu ƙofar da zai zubar. Matacciyar fatar sai ta yi ta taruwa hawa kan hawa, ta dunƙule ta zama fari mai sheƙi. Wannan sheƙin ne ya sa likitan Faransa Jean Cruveilhier ya kwatanta shi da lu'ulu'u a 1829, kafin Bajamushe Johannes Müller ya ba shi sunan da ake kiransa da shi yau a 1838.

Ba ciwon daji ba ne, ba ya bin jini ya tsiro a wani wuri. Illarsa ita ce bangon ƙullin yana fitar da sinadaran da ke narkar da ƙashi, ga kuma dannawar da yake yi yayin da yake girma.

Fata tana shiga wannan kogo ta hanya biyu. Wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba ita ce ta bayan haihuwa: dodon kunne ya lotsa ciki ya yi aljihu saboda yawan mura da toshewar hanyar iskar da ta haɗa kunne da bayan hanci, ko kuma fata ta kutsa ta hujin da ciwo ya bari. Ta biyu ita ce ta haihuwa, wadda ba ta wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na duka masu wannan ciwo ba. Bayanin da ya fi karɓuwa game da asalinta ya fito ne daga wani masanin cututtuka na Landan, Leslie Michaels, a 1986. Ya nuna cewa ɗan tayi yana da wani ɗan tarin ƙwayoyin fata a kusurwar gaba ta sama ta kunnen tsakiya, wanda yakan ɓace wajen mako na 33 na ciki. A wasu yara sai ya ƙi ɓacewa. A daidai wannan kusurwa ce kuwa aka fi samun ƙullin.

Wannan bayani yana da amfani a gidajenmu, inda saurin ɗora wa uwa laifi ya yi yawa. Ba abin da ta ci da ciki ne ya jawo shi ba. Ba ruwan wanka ne ya shiga kunnen jariri ba, ba kuma nono ne ya gangara ciki ba. Tun kafin unguwarzoma ta karɓi yaron abin yana nan.

Abin da gida ke gani

A ƙasar arewacin Kano, daga Bichi da Tsanyawa a kan hanyar Katsina zuwa Dambatta da Makoɗa a kan hanyar Daura, gona tana jikin gona, gari yana hango gari, kuma yaro ba ya tashi shi kaɗai. Yana cikin ƙanne da yayye da 'ya'yan maƙwabta, inda suka nufa nan zai nufa, abin da suka yi shi zai yi. Wannan zaman yana da albarka, amma yana rufe raunin ji. Ciwon galibi kunne ɗaya yake kamawa, ɗayan kuma yana aiki lafiya, don haka yaron yana magana, yana wasa, yana amsa kira in an yi shi ta ɓangaren da yake ji. An fi samunsa a yara maza, wajen uku ga kowace mace ɗaya, kuma a ƙasashen da ake duba kunnen yara a kai a kai, ana gano shi ne yawanci yaro yana shekara 4 zuwa 5.

Manomin gero da dawa a Kunchi ko Bagwai ya san halin wuta-wuta: kafin furenta ya bayyana a saman ƙasa, ta daɗe da kama saiwa tana tsotsa. Haka wannan ƙulli yake. Lokacin da alamarsa ta fito fili, ya riga ya yi nisa da aiki.

Duk da haka akwai 'yan alamu, kuma uwa ce ta fi kowa ganinsu. Yaro yana karkata kai, yana miƙo kunne ɗaya in ana masa magana. In aka kira shi daga nesa a gona sai ya waiga ta inda ba nan aka kira shi ba, domin gane inda sauti ya fito yana buƙatar kunne biyu. A tsakar gida da dare yana jin komai, amma a makarantar allo, inda kowa ke ɗaga murya da nasa karatu, sai biyawar malam ta wuce shi. Babur ya taho ta bayansa, bai kauce ba sai da aka fizge shi. Abin da ake cewa a nan sananne ne: yaron nan kunnen ƙashi gare shi, ko kuma wasa ne ya yi masa yawa. Sau da yawa bulala ce ke riga magani zuwa.

Idan aka bar shi, ƙullin yakan cinye doguwar ƙafar maƙera, sarƙar ƙasusuwan ta katse, jin wannan kunne ya faɗi har maganar yau da kullum ta daina shiga sosai. Daga baya yakan fasa dodon kunne, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, ruwa ya fara fita: ɗan kaɗan, mai ɗoyi, wanda ba ya jin magani. A nan ne ake fara zaryar kemis, a sayi maganin ɗigawa, ya lafa, ya dawo. A gwada man zaitun, ruwan albasa, ruwan wani ganye. Babu ɗaya daga cikinsu da ke narkar da fata, kuma wasu magungunan ɗigawar suna iya cutar da kunnen ciki in dodon kunne a huje yake. A wannan mataki ko likita ba ya iya rarrabe na haihuwa da na bayan haihuwa, sai a lissafa yaron cikin masu tsohon ruwan kunne.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Kumburi mai zafi a bayan kunne har kunnen ya turo gaba. Jiri da amai. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Da kuma karkacewar baki, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Wannan ta ƙarshe ita ce a ƙauye ake cewa iska ce ta buge shi, ko marin aljani ne. A yi addu'a, babu mai hanawa, amma a yi ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa kuma bakinsa ya karkace, ciwon ya taɓa jijiyar fuska ne, kuma kowace rana tana rage damar dawowarta.

Abin da fitila ke nunawa

Na'urar duba kunne ba ta fi tocilan girma ba: hannu mai batir, ƙwai mai haske, gilashi mai ƙara girma, da ɗan mazurari a baki. Uwa ta zauna ta ɗora yaron a cinya, ta kwantar da kansa a ƙirjinta da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya rungume hannuwansa. Ma'aikacin lafiya ya ce, “Inna, riƙe min shi da kyau, ba zafi, haske kawai zan saka.” Ya ja fatar kunnen baya a hankali don ramin ya miƙe, ya zura bakin mazurarin, ya leƙa. Lafiyayyen dodon kunne launin toka-toka ne mai sheƙi, ana hango hannun guduma a jikinsa kamar ɗan farin layi da ya gangaro daga sama. A kunnen da ke da wannan ciwo, dodon kunnen lafiya lau yake, babu huji, babu ja, amma a gaban hannun guduma ta sama ana hango wani farin abu zagayayye yana leƙowa ta bayan tantanin. Duka binciken bai kai minti biyu ba.

Abin da likitoci biyu na Shikago, Eugene Derlacki da Jack Clemis, suka kafa a matsayin ma'auni a 1965 ke nan: farin ƙulli a bayan dodon kunnen da bai huje ba, a yaron da kunnensa bai taɓa zubar da ruwa ba, ba a kuma taɓa yi masa tiyatar kunne ba. Ba kowane fari ba ne ƙulli. Tabon tsohon ciwo ma yakan bar farin alli a jikin dodon kunne. Aikin ma'aikacin ƙaramin asibiti shi ne ya gani ya tura, rarrabewar ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce.

A Kano ana samun wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999. Can za a sake duba kunnen da madubi mai ƙarfi, a auna ji da na'ura don a san nawa aka rasa kuma daga ina matsalar take, sannan a ɗauki hoton CT na ƙashin kunne. Hoton ne ke nuna iyakar inda ƙullin ya kai da ƙasusuwan da ya taɓa.

Matakai huɗu

A 2002 likita William Potsic da abokan aikinsa a asibitin yara na Filadelfiya suka kasa ciwon gida huɗu. A mataki na farko ƙullin yana kusurwa ɗaya, bai taɓa ƙasusuwan ji ba. A na biyu ya bazu zuwa wasu kusurwoyin. A na uku ya kama ƙasusuwan. A na huɗu ya shiga ramukan ƙashin bayan kunne. Suka bi yaran da aka yi wa aiki, suka tarar cewa a mataki na farko kusan 13 cikin 100 ne aka samu saura ya rage bayan tiyata, a mataki na huɗu kuwa kusan 67 cikin 100. Ciwo ɗaya ne, hannun likitoci ɗaya ne. Abin da ya raba yaran shi ne lokacin da aka gano.

Tiyata

Babu ƙwaya, allura ko ɗigo da ke kawar da wannan ƙulli. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna busar da ruwa kafin aiki, amma maganin kansa shi ne a cire.

Ana sa yaron barci gaba ɗaya. Idan ƙullin ƙarami ne, ta cikin ramin kunne ake bi, da madubin tiyata ko da wani siririn bututu mai kyamara da kaurinsa ke wajen milimita 3. Likita ya yanka fatar ramin kusa da dodon kunne, ya ɗaga su tare, kogon ya bayyana. Sai ya bi gefen ƙullin da ƙaramin ƙarfe yana raba shi da hannun guduma a hankali, burinsa ya fito da shi a dunƙule bai fashe ba, domin ɓurɓushin da ido ba ya gani ya isa ya sake tsiro. Ya mayar da dodon kunnen wurinsa, ya cusa abin da zai tallafe shi har ya warke. Irin wannan yaron yakan koma gida da jinsa yadda yake, babu ko tabo a waje.

Idan ya yi nisa, sai an yanka ta bayan kunne, a huda ƙashin da injin, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ana kiyaye jijiyar fuska. Ƙashin jin da ya lalace ana cire shi, a sake haɗa sarƙar da guntun ƙashin yaron ko guringuntsinsa ko ɗan ƙarfe, wani lokaci a wannan aikin, wani lokaci a na biyu. Sannan akwai zaɓi. Ko a bar bangon bayan ramin kunne a tsaye, kunnen ya zauna a siffarsa, amma saura zai iya ɓuya a bayan bangon, don haka sai an sake buɗewa bayan wata 6 zuwa shekara ɗaya, ko a yi hoton MRI na musamman. Ko kuma a rushe bangon, a haɗe ramin kunne da kogon baya su zama ɗaya. Wannan yana rage dawowar ciwon, amma kogon zai buƙaci likita ya riƙa share shi lokaci zuwa lokaci, kuma a riƙa kiyaye shi daga ruwa.

A nan ne ya kamata uba ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki. In likita ya tambaya, “Malam, za ku iya dawowa duk lokacin da aka sa muku?” amsar tana shiga cikin shawarar irin aikin da za a yi. Jin nauyin likita ya sa a ce to alhali an san damina za ta hana, wannan cutar da yaron ne.

Bayan an koma gida

Makonnin farko ruwa ba zai shiga kunnen ba. Lokacin wanka a toshe shi da auduga da aka shafa wa man basilin. Babu iyo a kududdufi ko a madatsar ruwa ta Thomas ko ta Watari sai likita ya yarda, kuma yaran da ke tafiya tare da shi su ma a gaya musu. Kada ya fyace majina da ƙarfi. Wasu yara sukan ce ɗanɗanon abinci ya canja a gefe ɗaya na harshe, saboda wata siririyar jijiya da ta ratsa wurin aikin. Yawanci yana wucewa. A makaranta, ta boko ko ta allo, a zaunar da shi kusa, kunnensa mai kyau yana fuskantar malam. In jin bai dawo sosai ba, na'urar ƙara ji tana taimakawa.

Abin da ya fi wuya shi ne komawa asibiti alhali yaro yana gudu yana wasa. Ana bibiyar irin waɗannan yara aƙalla shekara biyar, domin sauran ƙullin shi ma shiru yake girma kamar na farko. Kuɗin mota zuwa birni, da yinin da za a rasa a gona, da akuyar da aka riga aka sayar don aikin farko, duk gaskiya ne. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a roƙi likita ya daidaita ranakun dawowa da lokacin da hannu ke da sarari, bayan kaka da cikin rani, a adana katin asibiti da hotunan wuri ɗaya, a kuma tambayi ƙaramin asibitin gari yadda ake shiga shirin taimakekeniyar lafiya na jihar tun kafin buƙata ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke hannunmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin jin da ke buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa. Rahotonta na 2021 ya nuna cewa a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 78 cikin 100 ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan guda. Ba za mu jira ranar da kowace ƙaramar hukuma za ta samu nata likitan kunne ba. Kuma ba ma buƙatar jira, domin tiyatar ce ke buƙatar ƙwararre, ganowar ba ta buƙata.

Cunkoson da ƙasar arewacin Kano take da shi yana taimaka mana a nan. Ƙauyuka suna kusa da juna, kuma yaro yana zuwa gaban ma'aikacin lafiya sau da yawa kafin ya kai shekara biyar: ranar rigakafi, ranar zazzaɓi, ranar awo. Abin da ake buƙata shi ne kowane ƙaramin asibiti ya mallaki fitilar duba kunne mai batir a ciki, ma'aikacin ya samu horon sanin lafiyayyen dodon kunne, kuma duba kunne biyu ya zama al'ada ga duk yaron da aka kawo, ko da don tari aka kawo shi. Wanda ya leƙa kunne dubu ƙila ba zai ga farin ƙulli ko sau ɗaya ba, amma a kan hanya zai ga ruwan da ya taru a bayan dodon kunne, da huji, da dattin da ya toshe, da ƙwayar wake da yaro ya cusa, kuma duk waɗannan suna rage ji. Iyaye kuma suna da nasu rabon: duk yaron da ake yawan cewa ba ya ji, kafin a ɗauki bulala a kai shi a haska kunnensa, kuma in an je a buɗe baki a ce, “Likita, a duba masa duka biyun.”